Musayar waƙa: Galileyo a gaban kotun coci

Mai Tawada: Bisimilla. Ƙwar huɗu, babban amsa-amo "na".

Galileyo ya ɗau madubi,
Ya sa ido sama yana dubi,
Wata huɗu ga Jupita suna bi,
Ya ce ƙasa ke zagaye rana.

Manyan coci suka yi zama,
A 1633 can a Roma,
Tsoho ya durƙusa yana kyarma,
Ya janye, aka ce gida zai zauna.

Ɗan Tsangaya:
Kai Mai Tawada, bi a hankali,
Urban abokinsa ne tun asali,
Ya sa hujjarsa bakin jahili,
Ka taɓa sarki ka ce a bar ka ka kwana?

Littafin muhawara da Galileyo ya rubuta a 1632 nake nufi. Maganar Paparoma Urban ce ya ɗora wa Simplicio, wanda ake ta kayarwa a muhawarar.

Gwaggon Zaure: Ayyururui! Ɗan Tsangaya, gaba salamun baya salamun. Wani ya je ya sake jiƙa tawada.

Mai Tawada: Gwaggo, an san gefenki tun bara. Bari in kawo Giordano Bruno, masanin falsafa ɗan Italiya.

To Bruno fa da aka ƙone,
A 1600 jama'a na zaune,
Shi ma zagin Paparoma ne?
Lauyan coci, amsa mana.

Ɗan Tsangaya:
Bruno aƙida ce ta ci shi,
Triniti ya musa aka kama shi,
Ba lissafi ba ne ya kashe shi,
Karanta kafin ka yi mana ɓarna.

Triniti ita ce aƙidar Kirista ta Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Alƙalin Kari: Ku dakata. Mai Tawada, rera "alif da ɗari shida" a ɗangonka na biyu ka ji yadda yake jan ƙafa. Magabata ramzi suke yi wa shekara, ba sa cusa lamba tsirara a baiti.

Mai Tawada: Ranka ya daɗe, wata uku kana gyara mana, baitinka ko ɗaya ba mu gani ba.

Alƙalin Kari: Mai awo ba sai ya noma dawar ba. Ɗangon Ɗan Tsangaya na ƙarshen baitin farko ma ya yi ƙiba.

Gwaggon Zaure: Ƙarya ne, ƙibar lafiya ce!

Baƙon Damagaram: Ku yi haƙuri, kwana biyu ba caji.

Ku bar Roma ta ɗan huta,
Santambul ma ta yi tata,
Ɗakin taurarin Taƙiyuddin ta rushe abinta,
Shekara uku kacal bayan an gina.

1577 zuwa 1580, zamanin Murad na Uku, sarkin Daular Usmaniyya.

Ɗan Tsangaya:
Baƙo ka zo da sanda a hannu,
Ka manta Ibnu Shaɗir, sannu,
Mai auna lokacin salla a Dimashƙa da idanu,
Lissafin watansa ga Kofanikus mun gan shi, ɗana.

Kofanikus shi ne masanin taurarin da ya riga Galileyo cewa ƙasa ke zagaye rana.

Alƙalin Kari: Inna lillahi. Wannan ɗango na ƙarshe sai an ɗauko masa amalanke.