An cire wa kyamarata filta, a wane ISO zan tsaya?

Sabon-shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kyamarar Canon 600D gare ni, hoton taurari nake ɗauka da ita, an cire mata filtar da ke tare jan haske don ta riƙa kama hasken haidirojin na 656nm. Ina da na'urar bin taurari da gilashin gaban kyamara (lens) 135mm, gajimaren Oriyon, wato wani curin iskar gas mai haske a cikin taurari, nake hari. In tsaya a ISO (ma'aunin ƙarfin jin hasken kyamara) 800 da sakan 120 na ɗaukar kowane hoto, ko 1600 da sakan 60? Ga shi hoton duk ja yake fitowa.

Na-Zara: Wa alaikumus salam. Ai da Canon 60Da ka nema, ita tun daga kamfani aka gyara ta a 2012.

Dattijo: Ɗana, jan nan ba ciwo ba ne. Ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka daidaita launi a kwamfuta. Ni 800 nake bari, kada tsakiyar Oriyon ta ƙone ta koma fari fat.

Mai-haƙuri: Ku bar maganar ISO, ya duba aikin da aka yi masa tukuna. Tawa wani mai gyara na ba, ya cire filtar bai sa gilashin da zai maye gurbinta ba, bai kuma matso da sansa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, gaba ba. Sai na murɗa gilashi har ƙarshe, taurari na nan kamar ɗigon auduga. Gefen hagu ma wutsiya suke yi, ashe sansar ya karkata. Na koma, ya ce hannuna ne ke rawa. Kyamarar da ke kan ƙafa uku! Har yau abin na ci mini rai wallahi.

Yar-dare: Allah Ya mayar da alheri, Yaya. Amma Baba, ni 1600 nake sawa, kuma ƙurar hoto, wato ɗige-ɗigen da ke ɓata shi, ta fi raguwa in na haɗa hotunan a manhajar DeepSkyStacker.

Dattijo: 'Yata, taki ba a taɓa buɗe ta ba. Wanda bai yi aiki da gyararriya ba ya saurara.

Yar-dare: Cire filta ba ya canza ƙurar sansa, Baba.

Na-Zara: Ku yi ta musu, sauro dai ISO nawa ma cizo yake yi 😄

Mai-haƙuri: Ko 800 ko 1600, fitilun LED sun gama da mu. Fitilun sodiyam akwai wata filta da ke tare haskensu, waɗannan kuwa kowane launi suke fesawa, sakan 30 sama ta wanke.

Yar-dare: Ga taurarin ɗan adam kuma, layi-layi suke ja mini da magariba. Wa ya san yadda ake share su wajen haɗawa?