Filtar iska a ƙurar Gombe: wacce kuka saka, yaya ta kaya?

Mai Corolla, Tumfure: Assalamu alaikum. Jiya na kai mota juyen baƙin mai, bakanike ya zaro filtar iska, wallahi kamar daga rami aka tono ta. A shago aka jero mini kala uku: mai araha, ta cikin kwalin kamfani mai kusan ninki uku a kuɗi, sai wata ja mai siffar mazurari da ake wankewa, wai har gudu take ƙara wa mota. Ban saya ba tukuna. Wanda ya taɓa gwadawa ya ba mu labari.

Direban Bajoga: Wa alaikumus salam. Yallabai, ni araha ta koya mini hankali. Sharon nake ja, Gombe zuwa Bajoga ta Malam Sidi, wani lokacin in leƙa Ashaka. Bayan cire tallafin mai a 2023 kowa matse aljihu yake, sai na sayi mai arahar. Da ido ba ta da aibu, ashe robar gefenta ba ta cika akwatin ba, akwai 'yar kafa a kusurwa ɗaya da ko tsinken ashana zai shige. Hunturu guda na yi da ita. Abin da ya ruɗe ni, duk sanda na duba sai in gan ta fes, ina ta yabon ta. To ina za ta yi datti, ƙurar ta samu hanyar ratse? Sai mota ta fara shan baƙin mai, hayaƙi shuɗi-shuɗi yana bin ta. Ogan gareji ya cire bututun da ke bayan filtar, ya zura yatsa, ya fito da shi ja wur da ƙasa, ya shafa mini a bayan hannu bai ce uffan ba. Ringin inji muka canja. Araha ba ta ado, kuɗin aikin nan ya isa in sayi ta kirki har in tsufa.

Hajiyar Jekadafari: Ni dai yarona yana kai ta wajen mai faci a hure ta duk wata. Shekara biyu ke nan ba mu canja ba. Laifi ne?

Tsohon bakanike, Bolari: Hajiya, da sauran gyara. Filtar nan takarda ce, iskar kwamfuresa mai ƙarfi tana buɗe mata ƙofofin da ido ba ya gani, musamman idan an kafa mata bakin tiyo dab. In ya zama dole, a hura a hankali daga ɓangaren da yake fes zuwa mai dattin, ko a bubbuga ta a tafin hannu. Amma shekara biyu a garin nan ta yi ritaya. Ki sa a ɗaga ta saitin rana: in haske ya huda ta wani wuri kamar allura, ta yage, in ko kaɗan bai ratso ba, ta toshe.

Kuma in gyara wata magana da nake yawan ji, wai duk motar da filtarta ta toshe sai ta riƙa shan fetur. Motar kafireta ce take zuƙar fetur sosai idan filta ta toshe, don mai ya rinjayi iska. Mai injekta, irin Corollar Malam, kwamfutarta tana auna iskar ta daidaita man, saboda haka abin da za ka fi ji shi ne nauyi: ka taka totur a hawa, ta yi maka shiru. Littafin mota ma jadawalin canjin filta biyu yake bayarwa, akwai na hanya mai ƙura daban. Mu a na biyun muke, ko kana zaune a GRA.

Ɗan Pantami: Baba, ni ne na saka jar. Ƙara kam ta ba ni, in na taka sai 'yan majalisa su waiwayo. Gudu kuwa ban ga wani bambanci ba. Da aka cire akwatin asali, iskar zafin inji take shaƙa kai tsaye, a zafin Afrilu motar har kasala take yi. Auduga ce da ake shafa wa mai don ƙura ta manne. Na wanke, na labta mata man da yawa, ya bi iska ya ɓata na'urar auna iska da ke bayanta. Wutar cek inji ta kama, injin yana rawa a silo, wato in mota na tsaye. Laifina ne, amma na mayar da akwatina.

Malamin makaranta, Bauchi: Na Wunti na gaishe ku. Denso, Mann, Bosch da Mahle duk suna yin filtar kirki, matsalar kwali ba shaida ba ne, jabu ma a kwali mai kyau take zuwa. Da tsohuwar nake zuwa shago in ɗora su baki da baki, in duba lamba, in matsa robar in ji tana dawowa, in ƙirga ninkin takardar. Jabu ninkinta kaɗan ne, gam ɗin a zube. 'Yar Beljiyam kuwa ban taɓa saya ba. Wani ya gama shan ƙurarsa a Turai, ni in ɗora?

Mai Corolla, Tumfure: Allah ya saka da alheri. Yau na koma da tsohuwar a leda, na ɗauki ta kwalin bayan na gwada ta a akwatin a gaban mai shago. Garin rufewa muka ga kilif ɗaya na murfin ya karye, da waya aka ɗaure shi, ban san tun yaushe ba. Na zura yatsa a bututun kamar yadda direba ya ce, da ɗan ja-ja amma ba yawa. Baba na Bolari, kilif ɗin ana samunsa shi kaɗai, ko sai na sayi murfin gaba ɗaya?