Wida da fadar Sarki Tofa a yini ɗaya daga Kwatano: wa ya taɓa yi?

Baban Khadija: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata mai zuwa zan shiga Kwatano ta Jamhuriyar Benin sayen kaya tare da iyali, kuma akwai rana ɗaya da ba zan leƙa kasuwar Dantokpa ba. Ina so in kai su Wida da Porto-Novo. Wanda ya taɓa haɗa biyun ya ba mu labari don Allah.

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam Alhaji. Mun yi bara, amma mun sha wuya. Wida tana yamma, kimanin kilomita 40, Porto-Novo kuma tana gabas, kimanin 30, ka ga dole ka sake ratsa tsakiyar Kwatano da cunkosonta. Ku fita da an idar da asuba, ku ɗauki shatar mota. Ban ba ka shawarar hawa zemijan, wato acaɓa, da yara ba.

Maman Sadiq: Alhaji, ka ba Wida haƙƙinta. Daga cikin gari zuwa bakin teku akwai hanyar da ake kora bayi, wajen kilomita 4. Mu da ƙafa muka bi wani sashe, rana na dukanmu, ni da takalmi da ruwa a hannu, ina tuna su da sarƙa suka bi ta. Da muka isa Ƙofar Ba Dawowa, wadda aka gina a 1995, na kasa magana. Maigidana ne ya gaya wa yara cewa cikin waɗanda aka kai Bahiya ta ƙasar Brazil har da Hausawa, kuma bayi Musulmi sun yi tawaye a birnin Salvador a 1835, cikin watan azumi. Babbar 'yata ta ce, "Mama, ashe har da namu?" Nan muka tsaya muka yi musu addu'a. Ɗakin mesa, wato wurin bautar gargajiya da ake ajiye macizai, ban shiga ba, daga waje na tsaya.

Malam na Maraɗi: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ku leƙa kuma tsohuwar ganuwar Turawan Fotugal ta 1721. Abin mamaki, ba su bar ta ba sai 1961, bayan ƙasar ta samu 'yanci.

Ɗan Zango: Fadar Sarki Tofa da ke Porto-Novo fa, kada ka sa ran ganin irin ta Kano ko ta Damagaram. Honme ake ce mata, yanzu gidan tarihi ce. Gine-ginen gajeru ne, tsakar gida bayan tsakar gida, kamar kana ratsa zauruka. Sarki Tofa ya yi mulki daga 1874 zuwa 1908, kuma ya jingina da Faransawa saboda tsoron masarautar Dahomey da ke maƙwabtaka da shi. Sai ka nemi mai yi muku bayani, in ba haka ba bango kawai za ku kalla. Mu mun isa a gajiye bayan la'asar, a gurguje muka zaga, har yau ina jin haushin hakan.

Maman Sadiq: Kada ku bar Porto-Novo ba ku ga babban masallaci ba. Daga nesa sai ka ɗauka coci ne, don salon ginin 'yan Aguda ne, waɗanda suka dawo daga Brazil.

Baban Khadija: Allah ya saka muku da alheri. Na yi shawara da uwargida, za mu ƙara kwana ɗaya: Wida ranar farko, fada da masallaci washegari da safe.