Kuɗina na tsiyayewa a ƙaramin teburin poka, ina kuskuren yake?

Tambaya:
Salama alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Ingila, kuma wata uku ke nan ina buga Texas Hold'em (wani nau'in poka, wato wasan karta na kuɗi) ta intanet, a teburin santi 2 da santi 5 (kuɗin dole da ake zubawa kafin a raba kati), inda ake zama da dala 5. Kullum sai na tashi da asara. Jiya katina biyu alamarsu ɗaya, biyu cikin huɗun da aka baje su ma irinsu ne, saura ɗaya in haɗa biyar masu alama ɗaya, wato hannu mai ƙarfi, kuma kati ɗaya ya rage a baje. Dala 1 ce a tsakiya, wani ya zuba dala 1, na bi, katin bai zo ba. Sannan ko na yi burga ba wanda ke ajiye kati. Don Allah a haska mini.

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, wannan bin da ka yi kuskure ne, lissafi zai nuna maka. Kowace alama kati 13 gare ta, ka ga 4, saura 9. Karta 52 ce, ka ga 6, saura 46. To 9 cikin 46 bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Kai kuma ka sa dala 1 don ka ci 2, sai kana cin sau ɗaya cikin uku kafin ka mayar da uwar kuɗi. Da santi 25 ya zuba, da bi ya yi daidai, domin sau ɗaya cikin shida ya ishe ka. Hanya mai sauƙi: in kati ɗaya ya rage, ninka katunan da za su cece ka sau 2, in biyu suka rage, sau 4. Amma na 4 ɗin sai in ba za a sake neman kuɗi a wurinka ba.

Amsa ta biyu:
Burgar ce ke cinye ka. Mutanen ƙananan tebura ba su san ajiye kati ba, to me za ka tsorata su da shi? Jira hannu mai kyau, ka zuba kamar biyu bisa uku na kuɗin tsakiya, za su biyo ka da tarkace. In kuwa mai sanyin wasa ya ƙara kuɗi a kati na ƙarshe, yana da kaya, ajiye naka. Kuma ka rage hannayen da kake shiga da su in kai ne farkon magana. Kada ka manta da kamashon shafin, wajen kashi 5 cikin 100 ake yanka daga kuɗin tsakiya.

Amsa ta uku:
Ƙanena, ba zan ɓoye maka ba, sunan wannan abu caca, ko santi ɗaya aka sa. Duba Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91. Abin da ya ɗaga min hankali shi ne wata uku kana asara ba ka tsaya ba. Tunda a Ingila kake, akwai GamStop, kyauta ne, zai toshe ka daga shafukan caca masu lasisi. In lissafin ke burge ka, akwai tebur na kuɗin wasa, ba na gaske ba.

Mai tambaya:
Na gode, Yaya. Yanzu na duba asusuna, asarar ta fi yadda nake zato. GamStop ɗin, wata nawa ne mafi ƙaranci?

Amsa ta uku:
Wata 6. Akwai shekara 1 da shekara 5, kuma ba a janyewa kafin lokacin ya cika.