Mutuwar ƙwayoyin halitta a cikin ƙwan irin orkide: wa ya taɓa gani da idonsa?

Malamin SVT (kimiyyar rayuwa da ƙasa), Birni: Salamu alaikum. Duk shekara in na kai darasin ƙwan iri, wato abin da ke cikin fure wanda daga baya ke zama iri, sai in faɗa wa ɗalibai ƙwaya uwa tana rabuwa huɗu, uku su mutu, ɗaya ta zama jakar tayi. Nan take su ce cuta ce ta kama furen. Zanen allo ba ya gamsar da su. Wanda ya gani da kansa, don Allah ya ba mu labari.

Tsohuwar ɗaliba, Zango: Wa alaikumus salam Malam. Na gani a orkide, wani furen ado, nau'in Phalaenopsis, lokacin karatuna a Faransa. Furen yana buɗewa alhali ƙwan irin bai ginu ba, sai ƙurar namiji ta sauka aikin ke farawa, kuma haɗuwar ƙwayar namiji da ta mace kanta sai bayan wata biyu zuwa uku. A mikiroskop ƙwayoyin ukun na motsewa, cibiyarsu ta yi duhu, wadda ke can ƙasa kuwa tana ta girma. Mun sa rinin TUNEL, mai nuna inda DNA ya kakkarye, masu mutuwar kaɗai suka yi haske. Cuta ba ta zaɓe haka, a kowane ƙwai wuri ɗaya. Daga baya ma ɗaya daga ƙwayoyi biyu da ke gefen ƙwayar mace tana mutuwa in bututun ƙurar ya iso.

Mai lambun dabino, Gidimuni: Ni ban san orkide ba, 'yata. Amma furen macen dabino ɗaki uku gare shi. In mun yi barbara, biyu su bushe, ɗaya ya zama dabino. Wanda barbara ba ta kama ba, duka ukun ke tasowa, ba ƙwallo, ba daɗi, ba mai saye.

Ɗalibin jami'a, Sabon Gari: Baba, wannan ya fi zanen littafi shiga kai wallahi. Mu albasa muka duba. Ita ƙwaya biyu ake samu, ɗaya ta mutu.

Malamin SVT, Birni: Baba, in lokacin fure ya zo, ko za a taimaka mana da reshe biyu, mai barbara da marar barbara? Zan aiko yaro tasha ya karɓa.