An kira mu taro kan koyon sana'a: me zan nema wa yara a wajen ƙaramar hukuma?

Mai_Walda

Assalamu alaikum. Shekarata 19 ina walda, na yaye yara bakwai, yanzu huɗu ne a hannuna. Ƙaramar hukumarmu ta aiko wa ƙungiyarmu takarda, wai mu turo mutum biyu taron da za a yi ranar Talata kan yadda za a tallafa wa masu koyon sana'a a kasafin baɗi. Ban san hawa ba ban san sauka ba, sai ji na yi an ce ni ne ɗaya. Shi ne na ce bari in kawo maganar nan kafin in je in yi ta zuba ba kan gado.

Abin da ke cina shi ne na bara. An tara matasa a wani zaure wata uku, aka raba musu takardar shaida da ƙaramin injin walda, aka ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Ɗaya daga cikinsu ya zo wajena neman aiki. Na miƙa masa ƙarfe biyu na ce haɗa min. Sau uku sandar walda tana manne masa yana fincike ta. Da ƙyar wuta ta kama, haɗin ya fito kamar kashin kaji, bugu ɗaya na yi masa a ƙasa ya rabu. Gilashin ma ture shi ya yi saman goshi don ya ga abin da yake yi, washegari ya zo ido jajir yana cewa kamar an zuba masa yashi. Ba laifinsa ba ne. Ya ce su ashirin ne a kan inji ɗaya, bai fi sau biyar ya riƙe shi ba. Wanda aka ba shi kuwa tuni ya sayar, tunda ba shi da inda zai jona, ba kuma mai kawo masa aiki.

A nawa ganin, da kuɗin zauren nan aka ba masu shago, kowa ya riƙe yaro biyu shekara biyu, da an ga aiki. In faɗi haka a taron, ko akwai abin da ya fi?

Ɗan_Lantarki

Wa'alaikumus salam, Oga. Na koyi aikin wuta a Jamus, shekara uku da rabi, kuma abin da kake hange kusan shi suke yi. Kwana uku zuwa huɗu a mako kana wajen aiki, kwana ɗaya ko biyu kana makarantar sana'a. Tun 1969 suke da doka a kan haka, kuma sana'o'in da aka amince da su sun haura 300. Ana rubuta yarjejeniya tsakaninka da mai kamfani, shi ne ke biyanka alawus duk wata. A 2020 ma aka yanka mafi ƙarancin alawus ɗin, Yuro 515 a shekarar farko.

Amma ka lura da rabon aikin. Ƙaramar hukuma ba ta koyar da kowa, ba ta raba wa kowa inji. Nata shi ne ginin makarantar da kayan cikinta, albashin malamai kuma na jiha ne. Jarrabawar ƙarshe majalisar masu sana'a ce ke shiryawa, kuma waɗanda suka san aikin ne za su sa ka gaba ka yi su gani. Da yaron da ka gwada ya bi ta hannunsu, da bai fito da takarda ba. Ka nemi a gyara muku wuri ɗaya mai wuta da injina na gaske, inda yaran shaguna za su riƙa zuwa kwana ɗaya a mako su koyi awo, karanta zane da kare lafiya.

Uwar_Ɗinki

Malam, ka yi haƙuri, zan taɓa ku kaɗan, har da ni kaina. Ranar da aka ce ana biyan mai shago kan kowane yaro, ranar za ka ga wanda ko almakashi ba shi da shi ya zama tela mai yara goma. Sunan 'ya'yan ƙanwarsa zai rubuta. Ko mu na gasken ma ba duka muke da adalci ba. Ni shekara guda cur na yi ina shara da guga da sa maɓalli kafin uwar ɗakina ta bar ni in hau keke, yanka kuwa sai da ta ga zan gudu. Allah Ya jiƙanta, ta iya aiki, amma ɓoye shi take yi.

In za a biya, a biya bayan an gwada yarinya an ga ta iya, ba ranar da aka rubuta sunanta ba. Kuma a rubuta a takarda: wata shida na farko ga abin da za ta iya, ƙarshen shekara ga abin da za ta iya. Sannan kuɗin mota. Yara uku na rasa, ba don sun ƙi aikin ba, sai don iyayensu sun gaji da ba su na zuwa da dawowa.

Tsohon_Akawu

Na yi aiki a sashen kuɗi na ƙaramar hukuma har na yi ritaya, bari in faɗa maka yadda ake tunani a ciki. Ana son rabon kaya ne saboda ana gama shi rana ɗaya, ana iya ƙirga shi, ana iya nuna shi. Yaron da zai yi shekara biyu a shagonka, wataƙila ranar yaye shi wani ne a kan kujerar. In ka je da buƙatar da sai an ware mata sabon kuɗi, za a ce maka an ji, za a duba.

Ka je da wadda ba ta cin ko kwabo. Ƙaramar hukuma tana sayen ƙofofi, tagogi, kujerun makaranta, tankunan ruwa. Ka ce duk wanda za a ba irin wannan kwangilar, a sa masa sharaɗin ɗaukar masu koyo, a gan su a wajen aikin kafin a biya shi kashi na ƙarshe. A Ingila akwai dokar 2012 da ta sa hukumomi su duba amfanin da al'umma za ta samu kafin su ba da kwangilar ayyuka, kuma ƙananan hukumomi da dama da ita suke sa 'yan kwangila su ɗauki masu koyo. Daga 2017 kuma duk ma'aikatar da albashin da take biya ya haura fam miliyan 3 a shekara tana zuba kashi 0.5 cikin ɗari a asusun koyon sana'a, har su ƙananan hukumomin ba a ɗauke musu ba.

Ka rubuta buƙatarka a shafi ɗaya, ka ba sakataren taro, ka tabbatar ta shiga bayanan taron. Abin da aka faɗa da baki a nan yake kwana.

Mai_Walda

Na gode ƙwarai. Hajiya, kin soke ni inda ke ciwo, don akwai yaron da ya yi wata takwas a wajena ba abin da na ba shi sai goge tsatsa da fenti. Gobe zan ɗora shi a kan inji. Na janye maganar a ba mu kuɗi tun farko, a biya bayan gwaji, kuma wani mai walda daban ya gwada nawa, ni in gwada nasa. Baba Akawu, batun kwangilar shi zan sa a sama, kuɗin mota na biye. Sai dai ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba. In na rubuta yau da dare na ɗora a nan, za ka duba min kafin Talata?