Porsche 911 ko Corvette C8: wacce ta fi dacewa da hawan yau da kullum?

Abu Hanan, Abuja:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san motocin gudu, domin zaɓina ya tsaya tsakanin Porsche 911 samfurin 992 da Chevrolet Corvette C8, dukansu 'yan gwanjo daga waje. Ba tsere zan yi ba. Mota nake so wadda take jin sitiyari a kwana, wadda ba za ta gajiyar da ni ba idan na kama hanyar Kaduna, kuma wadda zan iya ɗaukar yarana biyu a cikinta lokaci-lokaci.

Mai Sitiyari:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar yara kaɗai ta kusa raba gardamar, saboda Corvette kujeru biyu gare ta, ita kuwa 911 tana da ƙananan kujeru biyu a baya waɗanda yaro zai zauna lafiya, ko da yake babba zai takura. A wajen tuƙi kuma halinsu ya bambanta. Tun daga samfurin 2020 Chevrolet ta ɗauke injinta V8 mai lita 6.2 daga gaba ta mayar da shi bayan direba, don haka nauyin yana tsakiya, motar tana shiga kwana a daidaice. Injin 911 mai silinda shida yana can bayan tayoyin baya, kamar yadda yake tun 1964, kuma wannan nauyi ne ke danne tayoyin su riƙe kwalta sa'ad da ka taka totur kana fita daga kwana, gaban kuma ya zama sakayau a hannu. Na tuƙa dukansu, kuma ni dai 911 ta fi kwanta mini, musamman da yake direba yana ganin gefe da baya sosai, abin da ke da wuya a Corvette. Inda Corvette ta yi fice shi ne wurin kaya: but biyu gare ta, gaba da baya, alhali na 911 ɗaya ne a gaba, kimanin lita 130.

Bakanike daga Apo:
Yallaɓai, kafin ka biya kuɗi ka tabbatar motar tana da na'urar ɗaga gaba, wadda ke ƙara mata tsayin kusan santimita 4, domin ba kowacce ake sa wa ba. An taɓa kawo mini irin wannan mota da ta daki tudun rage gudu a cikin unguwa, bamba ta tsage daga ƙasa, ruwan lagireto yana ɗiga, domin a motocin nan biyu akwai lagireto daf da bayan bamba. Sai da ta yi makonni a gareji kafin kayan gyara su iso. Ka kuma sani cewa babu safayar taya a cikinsu, tayoyin ba su da kauri, rami ɗaya yana iya lanƙwasa garen taya, wato rim, sannan injinansu fetur mai inganci suke buƙata.

Abu Hanan, Abuja:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zuciyata ta karkata ga 911, amma zan fara auna hawan ƙofar gidana, sannan in nemi wadda ke da na'urar ɗaga gaban.